Tambayoyi da amsoshi kan ƙaramin faifan Indian Summer na 1993

Duk wanda ya shigo ɗakina ya tarar faifan nan yana juyawa sai ya tsaya ya yi tambaya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, daga ƙannena har abokan aiki. To ga su nan na tara, da amsar da nake bayarwa, wasu a gajarce wasu kuma sai an yi haƙuri dani don maganar tana da tsawo.

Wai su waye Indian Summer ɗin nan?

Wasu samari ne guda huɗu daga yankin Oakland a jihar Kalifoniya ta Amurka, sun haɗa ƙungiyar kiɗa irin wanda ake kira emo a 1993, kafin 1994 ta ƙare sun watse. Shi kenan tsawon rayuwar ƙungiyar, shekara ɗaya da ƴan watanni. Akwai tagwaye a cikinsu, Adam Nanaa da Seth Nanaa, sai Marc Bianchi, sai Eyad Kaileh shi ne mai ganga. Duk abin da suka ɗauka a rayuwarsu waƙa wajen goma ce, a warwatse a ƙananan fayafayai, wasu ma faifan haɗaka ne da wata ƙungiyar, su gefe ɗaya wasu gefe ɗaya, kamar wanda suka yi da Embassy da wanda suka yi da Current. Wanda nake magana a kai shi ne nasu su kaɗai, mai inci 7, wanda ya fito a 1993 a ƙarƙashin wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Repercussion.

Sunan kuwa ba ruwansa da Indiya, haka Amurkawa suke kiran wasu ƴan kwanaki na ɗumi da kan dawo bayan sanyi ya fara shigowa a ƙarshen shekara.

Emo kace? Ba yaran nan bane masu baƙaƙen kaya da gashi ya rufe ido ɗaya?

Wannan tambayar ita tafi kowacce yawa, kuma ina gane dalili, saboda yawancinmu ta nan muka fara jin kalmar, lokacin da My Chemical Romance da Fall Out Boy suka cika tashoshin satilayit bayan shekarar 2000. Amma abin ya girme su nesa ba kusa ba. Asalinsa birnin Washintan ne wajen 1985, cikin ƴan kiɗan hardcore punk, irin kiɗan nan mai gudu da ƙara wanda a wurin wasa samari suke ture juna har a ji ciwo. Wasu daga cikinsu suka gaji da dambe da nuna ƙarfi, suka ce bari mu riƙe zafin kiɗan amma mu yi maganar abin da yake cin mu a rai. Rites of Spring ta su Guy Picciotto da Embrace ta su Ian MacKaye su ne a gaba, kamfanin Dischord ne ya fitar dasu, kuma bazarar wannan shekarar ita ake kira Revolution Summer. Mutane suka fara ce musu emocore, wato hardcore mai motsa zuciya, daga baya aka gajarce ya koma emo. Su kansu makaɗan basu so sunan ba, MacKaye a kan dandamali ya fito fili ya kushe shi.

Daga nan Moss Icon na garin Annapolis suka kawo salon yin ƙasa ƙasa da kiɗa na dogon lokaci kafin a tashi, kuma a ganina daga wannan reshen Indian Summer suka tsiro. Babu kwalli babu ado a lamarinsu, riga da wando ne kawai irin na kowa.

Menene faifai mai inci 7?

Ƙanin babban faifan garmaho ne. Faɗinsa inci 7, wajen santimita 18, kamar faranti na cin tuwon yaro. Kamfanin RCA Victor ne ya fito dashi a 1949, shekara ɗaya bayan Columbia sun kawo babban mai inci 12. Asali yana juyawa sau 45 a minti, kowane gefe ya ɗauki waƙa ɗaya ta minti huɗu zuwa biyar. Ƴan punk suna sonsa saboda arha, samari huɗu zasu iya haɗa kuɗin aikin hutu su buga ƴan ɗaruruwa, kuma da yawa sukan yanka shi a gudun 33 don ya ɗauki kiɗa mai ɗan tsawo.

Me ke cikin faifan?

Waƙa uku. Biyu gajeru ne masu zafi, waɗanda aka sani da Aren't You Angel da Millimeter, sai doguwar mai minti bakwai da ɗoriya wadda mafi yawan mutane suke kira Angry Son, ma'ana ɗa mai fushi. Gajerun biyun suna da kyau sosai, musamman ta farkon yadda take tsayawa cak ta sake ɓarkewa, amma gsky doguwar ce ta sa har yau ake maganar faifan bayan shekara 30 da wani abu.

To me ke cikin doguwar da har kake ta nanata ta haka?

Bari in faɗa maka yadda take tafiya, don in ba a bi ta daki daki ba ba za a gane ba.

Kana sauke allura abu na farko da zaka ji ba jita bace, muryar wata mata ce can nesa, tsohon rikodi mai ƙarar yashi, kamar rediyon maƙwabta da dare. Sai jita ɗaya ta shigo a hankali, ba a kaɗa ta da ƙarfi, tsirkiya ɗaya ɗaya ake taɓawa, ƴan sautuka kaɗan ana maimaita su ana maimaitawa. Ganga ta biyo a sanyaye. Sannan murya ta shigo, kuma ba rerawa yake ba, magana yake ƙasa ƙasa kamar mutum ya zauna a bakin gado yana yi wa kansa magana, wani wurin ma sai ka matso da kunne kafin ka tsinci kalma. Haka za a yi ta tafiya minti bayan minti, kai mai sauraro ka san akwai abin da ke zuwa domin kana jin gangar tana ƙara nauyi kaɗan kaɗan, kamar dai yadda hadari yake haɗuwa daga gabas, iska ta tsaya, gari yayi tsit, kowa ya san ruwa na tafe amma ba wanda ya san daƙiƙar da zai sauko.

Da ya sauko kuwa gaba ɗaya yake saukowa. Jitocin duka su buɗe, mai ganga ya dinga dukan farantan ƙarfen da ke jikin gangar kamar zai fasa, wannan muryar da take raɗa ɗazu ta koma ihu har tana tsagewa. Ni a karo na farko da naji wurin nan wlh sai da tsigar jikina ta tashi, kuma abin mamaki har yau da na san daidai inda zai zo bai daina yi min haka ba. Bayan an gama komai ya lafa sai ka sake jin matar nan, ashe tana nan bata tafi ba.

Abin da na yarda dashi game da faifan nan shi ne ƙarfinsa ba a ihun yake ba, a jiran yake. Ƙungiyoyi dubu sun iya ihu, wasu ma sun fi su iya kiɗa nesa, kana jin ƴan kurakurai a hannunsu, murya tana kaucewa. Amma samarin da basu daɗe da barin makaranta ba su iya danne kansu na tsawon mintuna, su yarda mai sauraro zai zauna ya jira su, wannan shi ne abin da ba kowa ke dashi ba. Idan ka tsallake farkon ka tafi kai tsaye wurin ƙarar, abin da zaka ji hayaniya ce kawai. Mu da muka taso da waƙoƙin da mawaƙi zai yi minti goma yana shimfiɗa kafin ya iso inda zashi, bai kamata wannan haƙurin ya zame mana baƙo ba.

Wacece matar da ake ji a ƙasa?

Bessie Smith ce, baƙar fata ƴar Amurka, ana mata laƙabi da sarauniyar blues, wato waƙoƙin baƙin ciki na baƙaƙen fatar Amurka. An haife ta a Chattanooga ta jihar Tennessee, ta yi tashe sosai a shekarun 1920, ta rasu a 1937 bayan haɗarin mota a jihar Mississippi. Kenan lokacin da samarin nan suka ɗora muryarta a faifansu ta fi shekara 50 a ƙasa.

Ni wannan zaɓin yana taɓa ni ƙwarai. Da sun ga dama da sun sa ƙarar ruwan sama ko maganar wani fim kamar yadda wasu suke yi, amma sai suka ɗauko mace wadda ta rera baƙin cikinta tun kakanninsu suna yara, suka bar ta ta buɗe musu ƙofa kuma ta rufe. Kamar suna cewa mun san ba mu muka fara jin ciwo ba. Sannan akwai wani abu da sai a kan faifai kake samunsa, ƙarar yashin tsohon rikodinta tana gauraya da ƙarar yashin naka faifan har baka iya raba wanne ne na shekarun 1920 wanne ne na ɗakinka. Ta dalilin faifan nan na koma na nemi waƙoƙinta na zauna na ji su da kyau, kuma ina ba kowa shawarar yayi haka.

Me yasa waƙa ɗaya take da suna biyu ko uku?

Saboda basu rubuta sunayen waƙoƙin a jiki ba. Masu sauraro ne suka dinga laƙaba musu suna daga kalmomin da kunnensu ya kama, aka yi ta kwafa a kaset daga baya a intanet da waɗannan sunayen. Shi yasa doguwar zaka ganta a matsayin Angry Son, wani wurin Woolworm, wani wurin ma Sleeping. Duk ita ce, kar ka rikice.

Turancina ba mai yawa bane, kuma ihu ake, zan fahimci wani abu?

Zaka fahimta. Turawan ma da yawa basa kama rabin kalmomin. Muryar an binne ta a cikin kiɗan da gangan, ba a ɗora ta a sama kamar waƙoƙin rediyo ba, don haka ka ɗauke ta kamar wani kayan kiɗa. Wanda ya taɓa riƙe magana a ciki ta daɗe har ranar da ta fito da kuka, ya riga ya san yaren.

Ba irin kiɗan nan bane na masu zanen ƙwarangwal da ƙaho?

A'a, wancan wani fanni ne daban na kiɗan metal, kuma ko a can ba duka ne haka ba. Waɗannan damuwarsu ta cikin gida ce, ƙuruciya, fushi, kewa, abin da ke tsakanin mutum da na kusa dashi.

In ba a sa su a rediyo da talabijin ba, ta yaya aka san su?

Ta hannu da hannu. A wancan lokacin akwai wata duniya guda a ƙarƙashin ƙasa wadda bata jiran manyan kamfanoni, komai da kansu suke yi. Wasa a ɗakin ƙasa na gidan wani, ko gareji, ko zauren unguwa, makaɗa a ƙasa ɗaya da masu kallo babu dandamali, a tara ɗan kuɗin mai a basu su wuce gari na gaba a tsohuwar mota, su kwana a falon wanda ya gayyace su. Labari kuma a mujallun fotokofi yake yawo, manyan cikinsu Maximumrocknroll ta San Francisco da HeartattaCk wadda Kent McClard mai kamfanin Ebullition ya fara a 1994 a garin Goleta. Kaga sharhin faifai a ciki, ka naɗe ƴan daloli a takarda ka sa a ambulan ka tura gidan waya, bayan sati biyu ko uku faifai ya iso, sau da yawa har da ƴar wasiƙa da hannu.

Kwalin ma da hannu ake yi. Ƙungiyar Heroin ta San Diego a jakar takarda irin ta kanti suka sa faifansu na kamfanin Gravity, aka buga zane a kai, wasu ambulan suke amfani dashi, wasu hatimi da tawada.

Ka kuma tuna wani abu, a farkon 1994 ne Green Day, waɗanda suka taso a wannan yankin dai, a zauren 924 Gilman na Berkeley, suka fitar da Dookie suka sayar da miliyoyi. Wato a lokaci ɗaya a kusan unguwa ɗaya, wasu suna hawa jirgi zuwa duniya wasu suna naɗe kwalin faifai a tsakar ɗaki. Bana zagin Green Day, amma zuciyata tana wajen na tsakar ɗakin.

Bayan sun watse fa?

Marc Bianchi ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai da sunan Her Space Holiday, salo mai sanyi na kwamfuta wanda in kaji baza ka ce mutum ɗaya bane. Waƙoƙin ƙungiyar kuma an tattara su a CD mai suna Science 1994, akwai kuma rikodin wani wasa da suka yi kai tsaye a gidan rediyon jami'ar Stanford, wanda wasu masoyan suke ganin ya ma fi na situdiyo zafi. Sai a 2019 kamfanin Numero Group na Chicago, waɗanda sana'arsu ita ce tono tsofaffin rikodi da aka manta, suka fitar da komai a babban faifai ɗaya mai suna Giving Birth to Thunder.

A ina zan samu?

In ji kawai kake so, nemi Giving Birth to Thunder a manhajojin jin kiɗa ko YouTube, yana nan. In kuma faifan kake so a hannu, na Numero yafi sauƙin samu kuma sautinsa a gyare yake. Asalin ƙaramin na 1993 sai dai na hannu, a kasuwar Discogs ko eBay, kuma yana tsada don kaɗan aka buga. Ka duba darajar da mai sayarwa ya rubuta, NM kusan sabo kenan, VG+ an ji shi amma lafiya lau, ƙasa da haka ka shirya jin ƙarar yashi. Ka roƙi hoton faifan da na kwalin kafin ka biya.

Kuma a kula dan Allah, akwai wata Indian Summer ta Ingila daga garin Coventry da ta fitar da faifai a 1971, kiɗan rock ne mai dogon organ, ba su bane. Kuɗin aikowa zuwa nan yakan kusa kai kuɗin faifan, ni nawa wani ɗan uwa ne da yake karatu a can ya karɓa ya taho min dashi a tsakiyar littafi mai kauri.

Akwai tsohon garmahon Baba a gida, zai yi?

Ya danganta da wane iri ne. In irin wanda ake wanawa da hannu ne, mai allurar ƙarfe, kar ka kuskura. An yi shi ne don tsofaffin fayafayai masu gudun 78, kansa yana da nauyi sosai, sau ɗaya zai bi ta kan faifan roba ya huɗe layin har abada. In kuwa na lantarki ne irin wanda iyayenmu suka ji Shata da Ɗanmaraya a kai, mai maɓallin 33 da 45, to zai yi, amma a canza allura da bel tukuna. Nauyin allura a kan faifai wajen giram 2 ake so a yawancin na zamani. Sannan yana buƙatar amfilifaya mai ramin da aka rubuta phono, in ba haka ba sautin zai fito siriri kamar sauro.

Wani abin da mutane suke mantawa, in daga Amurka aka kawo na'urar, wutarsu 120 ce tamu 230, sai da transifoma. Kuma ko da transifoma, wasu tsofaffin motarsu tana bin bugun wutar ne, nasu 60 namu 50, sai kaji faifan yana tafiya a hankali murya ta yi kauri. Ka nemi wanda aka yi don Turai ko Ingila. Da janareto ma gudun yakan yi rawa, na fi jin daɗinsa a kan inbata.

Zafi da ƙurar nan tamu ba zasu lalata shi ba?

Zasu lalata in aka yi sakaci, kuma ni na gani da idona. Na taɓa barin wani faifan, ba wannan ba, a kujerar bayan mota a watan Afrilu na shiga wani wuri na kamar awa biyu, na fito na tarar ya lanƙwashe kamar ƙosai ya sha mai, allura tana hawa tana sauka har ta faɗo. Raina ya ɓaci kwana da kwanaki don ba zan sake samun irinsa da sauƙi ba. Tun daga ranar a tsaye nake jera su kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da taga da bangon da rana take duka.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, busasshiyar iska tana sa faifan ya dinga jan ƙura da kansa. Ka share da burushi mai laushi kafin ka sa da bayan ka cire, ka riƙe shi ta gefe kar yatsa ya taɓa layin, in zaka wanke da tataccen ruwa irin na asibiti ko ɗakin gwaji, banda omo banda fetur banda ruwan batir.

Tunda yana waya, wahalar me?

Ina ji a waya nima, a hanya ko a wurin aiki, kuma ba zan ce maka kunnena yana jin wani sihiri a roba wanda babu a waya ba. Bambancin a zama yake. A waya yatsanka yana kan gilashi, minti ɗaya na shiru ya isa ka tsallake ko saƙo ya shigo ya ɗauke ka. A faifai sai ka tashi, ka zaro shi, ka share, ka sauke allura, ka koma ka zauna, in gefe ya ƙare ka sake tashi ka juya. Waƙar da gaba ɗayanta a kan jira aka gina ta, wannan zaman shi ne yake bata haƙƙinta. Sannan akwai sanin cewa abin da ke hannunka ya bi ta hannun wasu samari a 1993, ya zauna a ɗakunan mutanen da baka sani ba, ya ƙetare teku ya iso gare ka, ni dai wannan yana da nauyi a wurina.

In ya burge ni, wa zan nema bayansu?

Koma baya tukuna, Rites of Spring sannan Moss Icon, zaka ga inda aka ɗebo ruwan. Sai Spiderland na Slint, ƴan Louisville, na 1991, su ba emo ake ce musu ba amma wannan raɗar da tashin zaka same su a can. Cikin tsararrakinsu akwai Current da Embassy da Ordination of Aaron waɗanda duk sun yi faifan haɗaka tare dasu. In ɓangaren ihun ne ya kama ka to Saetia na New York da Orchid na Massachusetts, in kuma jitar farkon ce mai sanyi, American Football na jihar Illinois, faifansu na 1999. Amma kar ka yi gaggawar wucewa, ka ba waƙoƙi ukun nan sati guda tukuna, da daddare bayan gida yayi shiru, ka fara da gefen gajerun sannan ka juya.